Dorina Ba Ta Buɗe Kai

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, akwai wata magana da muka tarar a bakin iyayenmu, su ma suka tarar a bakin nasu, har ta zama kamar ba ta bukatar hujja. Maganar kuwa ita ce wai yaro ba ya karatu sai da duka. Uba yakan kai ɗansa makaranta ya ce, "Malam, ga shi nan, in ya ƙi a zane shi." Malam ya karɓa, ga dorina rataye a kafaɗa. In yaro ya kawo hadda a ce albarkacin bulala ne, in ya kasa a ce bulalar ce ba ta ishe shi ba. Ta ko'ina aka ɓullo dai bulala ce mai gaskiya.

To ni yau jayayya na zo yi da wannan magana. Amma tun da wuri bari in shata iyaka, don kada a ɗora mini abin da ban ɗauka ba. Ba ina magana a kan yaron da ya yi sata ba, ko wanda ya zagi babba. Horon wannan wata muhawara ce dabam. Abin da na sa gaba shi ne dukan da ake yi wa yaro saboda an tambaye shi ya kasa tunawa. Ina cewa irin wannan duka zalunci ne, kuma ko an ajiye batun zalunci gefe, ɓarna ce ga karatun da ake cewa ana gyarawa.

Abin da Hausa ta riga ta sani

Mu da muke nazarin harshe, ya kamata mu fara neman shaida a gida. Idan tsoro ya kama mutum a gaban jama'a, Bahaushe ba ya tsayawa kan cewa ya manta. Yakan ce ya daburce, ko ya kiɗime, ko ya gigice, ko ya ɗimauce. Yakan ce kansa ya kulle. In sunan wani ya ɓace masa yakan ce, "Sunan nan ya kwanta mini." Ku dubi kalmomin nan da kyau. Ɗakin da aka kulle, kayansa suna nan a ciki. Abin da ya kwanta kuwa yana iya tashi. Ashe tun tuni kakanninmu sun bambanta wanda bai sani ba da wanda ya sani amma firgita ta hana shi kaiwa ga abin da ya sani. Wurin da muka ƙi yarda da wannan bambanci shi ne aji, inda ya fi ko'ina bukatarsa. A can suna ɗaya ake kiran su duka biyun, wato daƙiƙi.

Wanda ke shakka, ya zo Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci. Ya tsaya a tasha ko kusa da gada ya kalli yara masu talla. Mota ta tsaya, fasinja uku suna miƙo kuɗi ta taga a lokaci guda, direba yana ɗana oda, yarinya 'yar shekara tara ta lissafa na kowa, ta ba kowa canjinsa daidai kafin mota ta tashi. Ran Litinin kuma a tsayar da ita a gaban allo, malam yana kaɗa tsumagiya a ƙafarsa, a ce bakwai sau takwas, ta yi tsuru-tsuru kamar ba ta taɓa jin lissafi ba. Kan da ta je da shi kasuwa shi ta zo da shi makaranta. Me ya canja? Wannan tambaya ya kamata malam ya yi wa kansa kafin ya ɗaga hannu.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tun a 1915 wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki ke shirya kansa idan ya hangi haɗari, ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. A 1936 kuma Hans Selye, a birnin Mantiriyal na Kanada, ya nuna cewa ko mene ne ya takura wa jiki, martaninsa kusan iri ɗaya ne. Daga wancan lokaci zuwa yau an gane cewa martanin nan zuwa biyu yake yi.

Zuwan farko cikin daƙiƙoƙi ne. Akwai wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, ɗaya a kowane gefe. Da ƙwaƙwalwa ta hangi haɗari sai su zubo wani sinadari cikin jini, ana kiransa adiranalin, ita ma ƙwaƙwalwar ta saki ɗan'uwansa a cikinta. Shi ne za ka ga gaba ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, gumi ya karyo, gwiwa na ɓari. Wannan shiri rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, domin gudu yake bukata, ba dogon tunani ba. Illa dai jikin yaro bai san bambancin kura da malam mai dorina ba.

A bayan goshi akwai sashen gaba na ƙwaƙwalwa. Shi ke riƙe abu na ɗan lokaci ana juya shi, kamar yadda muke cewa "a rubuta shida a ajiye biyar" wajen lissafi, ko yadda mai karatu ke riƙe farkon jimla har ya kai ƙarshenta. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta shafe shekaru tana nuna cewa firgita, ko ta ɗan lokaci ce, musamman wadda mutum ba shi da ikon kauce mata, tana raunana aikin wannan sashe nan take. Wannan shi ne daburcewar da Bahaushe ke faɗa. Biyar ɗin da aka ajiye ta zube, yaro ya rasa inda ya tsaya.

Zuwa na biyu a hankali yake. Ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta cikin jini zuwa ga halittun nan na kan ƙoda, su saki wani sinadari dabam mai suna kotizol. Shi ba ya kai ƙololuwa sai bayan kamar minti 20 zuwa 30. A can cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani sashe da ake kira hifokamfos, wanda in babu shi mutum ba ya iya ajiye sabon abin da ya faru da shi. A 1968 Bruce McEwen ya gano cewa wannan sashe cike yake da wuraren da irin sinadarin nan ke maƙalewa. Wato ma'aji da kansa yana jin zafin firgita.

A 1998 wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya, de Quervain da Roozendaal da McGaugh, suka koya wa ɓeraye gano wani ɓoyayyen dandamali a cikin kwatarnin ruwa, har suka iya. Washegari, kafin a gwada su, sai aka ɗana musu lantarki a ƙafa. Waɗanda aka ɗana wa saura minti 2 a gwada su, sun tuna. Waɗanda aka ɗana wa awa 4 kafin gwaji, su ma sun tuna. Amma waɗanda aka ɗana wa saura minti 30, daidai lokacin da sinadarin ya cika jini, sai suka yi ta lalube. Karatun bai goge ba, tun da na awa 4 sun same shi daram. Ƙofa ce ta kulle na ɗan lokaci. A 2000 aka gwada da mutane a Suwizalan: suka haddace jerin kalmomi, washegari aka ba su ƙwayar maganin da ke ɗaga kotizol awa guda kafin a tambaye su, sai abin da suka iya tunawa ya ragu.

Yanzu ku auna wannan da al'adar makarantunmu. Da safe a tare 'yan makara a bakin ƙofa, a sa su gwale-gwale, a tsula wa kowa shida. Bayan rabin awa a shiga darasin farko, a ce kowa ya kawo abin da aka koya jiya. Daidai lokacin da jiki ya fi kulle ma'aji, lokacin muke cewa a buɗe. Wanda ya kasa a sake zane shi, a ɗaga sabon kotizol domin darasi na biyu. Ko da gangan aka zauna aka tsara hanyar hana yaro tunawa, da wuya a fi haka.

Abin ban takaici da ban dariya shi ne hanyar da masana ke bi in suna so su tayar wa mutum da hankali a ɗakin bincike. A 1993 masana a Jami'ar Trier ta Jamus suka fito da wata dabara da har yau ake amfani da ita a duniya. Za a tsayar da mutum a gaban alƙalai masu ɗaure fuska, ya yi jawabin minti 5, sannan a ce ya riƙa ɗebe 13 daga 1022 da ka, da ƙarfi, in ya yi kuskure a ce ya koma farko. Ba duka, ba zagi, amma hakan ya isa ya ɗaga kotizol ɗin manya masu gemu, kuma an sha nuna cewa bayansa tunawa da abin da aka koya tana raguwa. Jama'a, wannan ba ajinmu ba ne? Abin da Turawa suka ƙirƙiro domin gigita babba, shi muke yi wa ɗan shekara bakwai kullum, mu ƙara masa da dorina, mu kira shi koyarwa.

"Ai mu ma an doke mu, kuma mun yi karatu"

Wannan ita ce amsar da za ka fara ji a kowace majalisa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Da farko, su wa ke faɗar ta? Waɗanda suka jure suka kai gaci. Waɗanda suka gudu daga aji uku, da waɗanda suka riƙa laɓewa a bakin kogi har a tashi, da waɗanda suka yarda da sunan daƙiƙi suka haƙura da karatu har abada, ba su zama malamai ko ma'aikata ba, balle a ji ta bakinsu. Wanda ya ƙidaya waɗanda suka haye kawai, ai zai ce kogi ba ya cin mutum.

Na biyu, gaskiya ne firgita tana kafa abu a zuciya. Amma wane abu? A 1994 Larry Cahill da James McGaugh da abokan aikinsu suka nuna wa mutane hotuna tare da labari. Wasu aka ba su labari marar tashin hankali, wasu aka ba su na yaron da mota ta buge. Bayan mako guda masu labarin haɗari suka fi tunawa. Amma waɗanda aka ba maganin da ke tare aikin adiranalin, wannan fifiko ya ɓace musu. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda aikinsa ke nan: in abu ya razana mutum, ya sa a buga masa hatimi don kada a manta. Shi ya sa Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai hatimin a kan abin tsoron ake buga shi. Tun a 1959 wani masani, Easterbrook, ya bayyana cewa gwargwadon tashin hankali, gwargwadon yadda lura ke tsukewa ta koma kan abu guda. Yaron da ke gaban mai dorina, dorinar yake kallo. Ku gwada da kowane dattijo mai yabon bulala. Ku ce ya ba ku labarin dukan da ya fi shiga jikinsa. Zai faɗa muku sunan malamin, da launin rigarsa, da bishiyar da aka karyo tsabgar, da yawan bulalar. Sannan ku tambaye shi, "Baba, wane darasi ake yi ran nan?" Yawanci sai ya yi dariya ya ce wa zai tuna. To abin da duka ya koyar ke nan, ya koyar da duka.

Na uku, akwai masu cewa in babu matsi yaro ba ya motsi. Wannan akwai ƙamshin gaskiya, ba na musu. A 1908 Yerkes da Dodson suka koya wa ƙananan ɓeraye zaɓe tsakanin farin akwati da baƙi, wanda ya shiga inda ba a so a ɗana masa lantarki. In bambancin akwatunan a fili yake, ƙarfin lantarki yakan hanzarta koyo. In kuwa bambancin na da wuyar ganewa, da an ƙara ƙarfinsa sai koyon ya taɓarɓare. Wato matsi kaɗan yana farkar da mutum, kamar odar direba ga mai talla, amma da aiki ya yi wuya, tsanani ɓata shi yake yi. Ina tambaya, raba lamba, da nahawu, da haɗa baƙi da wasali, aiki ne mai sauƙi ga ƙaramin yaro?

A hutun da ya wuce na zauna da ƙanena da dare muna bitar jadawalin sau. Ya kawo shi tun daga biyu har goma sha biyu, na juya masa ta baya ya kawo. Washegari ya dawo daga makarantarsu, wadda ba zan kama sunanta ba, da shatar bulala a bayansa. Na ce, "Kai kuwa me ya faru?" Ya ce, "Yaya, da ya zo kaina na ga ya naɗe hannun riga, sai komai ya tafi." Ban sake koya masa komai ba, sai na ba shi ruwa ya sha, muka yi hira, bayan sallar magariba na tambaye shi, ya kawo duka babu gargada. Malamin nan ya doki yaron da ya san karatunsa, ya kuma tafi gida yana ganin ya yi aikin lada.

Hafizai fa?

Ga hujjar da suka fi ji da ita. Za su ce ƙasar Kano cike take da alarammomi da gwanaye masu izu sittin a ka, wasu har su rubuta shi da ka, kuma duk da dorina aka rene su. Ni ma ina girmama su, kuma ina ganin tsarin tsangaya yana da hikimar da boko bai kai ba. Amma a duba yadda ake haddar. Almajiri ya rubuta a allo, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. In ya riƙe, a wanke allon, rubutu ya tafi, dole ya nemo shi daga kansa. Da asuba tilawa, da dare tilawa, na jiya da na bara duk ana tishi. Alhamis da Juma'a a huta. Haka shekara da shekaru.

A 2016 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka, Amy Smith da abokan aikinta, suka ba ɗalibai 120 kalmomi da hotuna su koya. Rabi suka yi ta sake dubawa, rabi kuma aka ɗauke musu takarda suka yi ta ƙoƙarin kawowa da ka. Washegari aka tayar wa wasu daga kowane ɓangare da hankali, sannan aka gwada kowa. Masu sake dubawa da aka firgita suka yi ƙasa. Masu kawowa da ka kuwa firgitar ba ta rage musu ba. Abin da aka yi ta jawowa daga ka, hanyarsa takan faɗaɗa har tsoro ya kasa toshe ta. Wannan ita ce wanke allo da tilawa, kakanninmu sun riga masu bincike da ɗaruruwan shekaru. Saboda haka hafizi ya yi hadda ne da tilawarsa, kuma ƙarfin tilawar ne ya sa haddar ta tsira daga dorina. Yabon da ake yi wa bulala a nan, kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma kada a ce mana tsananta wa ɗalibi gadon malamai ne. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, inda ya ƙayyade bulala ga mai karatu kada ta wuce uku sai da iznin uba, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malam duka don huce fushinsa. Malamai nawa ne yau suke tsayawa a uku? Ibnu Haldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware babi guda a kan cewa tsanani yana cutar da masu koyo. Ya ce yana kashe kuzari, yana jawo kasala, yana koya wa yaro ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Bayan shekara fiye da 600, a 2011, Victoria Talwar da Kang Lee suka gwada yara 'yan shekara 3 da 4 a makarantu biyu na wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka hana su leƙen wani abin wasa, aka fita aka bar su. Cikin waɗanda suka leƙa, 'yan makarantar duka sun fi yin ƙarya, sun kuma fi iya kare ta. Wani binciken da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buga a 2015 ya bi sawun yara a ƙasashe huɗu, ya samu cewa a Indiya da Peru da Biyetnam, waɗanda aka doka a makaranta suna shekara 8 sun fi samun ƙarancin maki a lissafi suna shekara 12.

Ba a aji kaɗai ba

Wudil gari ne da ya daɗe da horar da masu horar da wasu. Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta yaye malamai masu yawa a zamaninta. Tun 1996 garin ke ɗauke da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa. A 2001 aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Saboda haka in akwai garin da ya dace wannan ilmi ya zauna da gindinsa, to nan ne, domin mai bincike ma da tunanin mutane yake aiki, kamar malami.

A 2004 Charles Morgan na Jami'ar Yale ya binciki sojojin Amurka fiye da 500 da ake koya wa jure zaman fursunan yaƙi. An yi musu tambayoyi ido da ido na kusan minti 40, wani zama da tsanani da taɓa jiki, wani ba tsanani. Bayan kwana guda aka jera mutane aka ce su nuna wanda ya tambaye su. Bayan zaman sauƙi fiye da rabi sun nuna daidai. Bayan zaman tsanani ba su kai ɗaya cikin uku ba, kuma da yawa cikin masu kuskuren sun haƙiƙance da zaɓinsu. Waɗannan fa ƙarti ne matasa masu lafiya. Ina ga matar da 'yan fashi suka shiga ɗakinta da dare, aka ce ta nuna fuska? Ina ga wanda ake tuhuma, aka mare shi aka ce ya faɗi inda yake ran Talata? Tsoro yana kawo magana, amma ba ya tace gaskiya daga ƙarya. Dokar hana azabtarwa da Nijeriya ta kafa a 2017 ta haramta tilasta mutum da azaba. Binciken nan ya ƙara mata hujja: ko don a sami sahihin bayani, a bar mai ba da shaida ya natsu.

Mafita

Na san halin da malamanmu ke ciki. Aji ɗaya yara ba iyaka, albashi ba ya kai wata, shi kansa malamin da nasa tashin hankalin ya fito daga gida. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abubuwan da zan kawo ba sa cin ko kwabo.

Na ɗaya, a daina dukan yaro don ya kasa tunawa ko ya ba da amsa ba daidai ba. In ya daburce a ce, "Zauna, za mu dawo kanka," a zagaya a dawo. Malam zai sha mamakin yawan waɗanda za su kawo a karo na biyu.

Na biyu, a daina zane 'yan makara dab da shiga aji. In horo ya zama dole, a ba su shara ko ban ruwan shuka bayan an tashi.

Na uku, boko ya ari dabarar tsangaya ya bar mata dorinarta, ita ma ta jefar. A rufe littafi, a kawo da ka, kaɗan-kaɗan, kullum, ba maki ba hukunci, a kuma riƙa komawa kan na baya.

Na huɗu, sashe na 55 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa tun 1960, ya ba malamin makaranta damar dukan yaro da sunan gyara, muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Afirka ta Kudu ta hana duka a makarantu a 1996, Kenya ta bi a 2001. 'Yan majalisarmu su sake duban wannan sashe.

Na biyar ya shafe mu, mu 'yan Ƙungiyar Hausa. Ilmin nan yana kulle cikin Ingilishi, alhali malamin ƙauye da alaramma da uwa a tsakar gida su ne suka fi bukatarsa. Mu muke da daburcewa da kiɗima da kullewar kai a bakinmu. Mu zauna mu rubuta ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, mu shirya wasan kwaikwayo, mu kai gidajen rediyo, mu kai taron iyaye da malamai. Da yawa cikinmu aji za mu shiga bayan mun gama, kuma ranar farko wani zai miƙo mana tsumagiya ya ce ga kayan aiki. Mu mayar masa da abarsa.

Mu kanmu da jarrabawa ke tafe, darasin ya shafe mu. Wanda ya kwana yana bin layi da ido, ya shiga zaure ba barci, gaba na faɗuwa, ya tara wa kansa duk abin da ke kulle kai. A rufe littafi tun da sauran makonni, a riƙa kawowa da ka, a tambayi juna, a yi barci. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma takarda ta zo kai ya kulle, a ajiye alƙalami, a ja numfashi, a fara da tambayar da ta fi sauƙi, abin da ya kwanta zai tashi.

Iyayenmu da malamanmu, ba raini ne ya sa na yi wannan rubutu ba. Na san da yawanku ƙauna ce ta sa kuke duka, kuna tsoron kada yaro ya tashi ba ilmi. To ga shi harshenmu, da malaman farko, da masu bincike sun haɗu a kan cewa hanyar ba ta kaiwa inda kuke so. Wanda ke da hujjar da ta fi wannan, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo mu gani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu zama masu tausayin na ƙasa da mu, amin.